Yadda Ciwon Kuɗin Wata Ƙasa Kan Kama Na Wata

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana, wata hira ce da muka yi da kawuna a hutun da ya wuce, da kuma wata tambaya da malaminmu na ilmin tattalin arziki ya jefo mini da muka dawo makaranta, wadda ta hana ni sakat har tsawon mako uku.

Kawun nan nawa dillalin dabbobi ne a wata kara da ke kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Ran nan muna zaune bayan la'asar, sai ya shiga ba ni labarin shekarar 2016, wadda har yau in ya tuna da ita sai ya girgiza kai. A shekarar ce aka saki naira. Dala ɗaya da hukuma ke sayarwa wajen naira 197 ta haura naira 300 cikin 'yan watanni, a kasuwar bayan fage kuwa abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Na ce masa, "To Kawu, ai wannan mu ya shafa. Ina ruwan mutanen Nijar da faɗuwar naira?"

Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana ke nan, boko dai bai ƙare ba. Makiyayin da ya koro raguna daga Maraɗi ko Damagaram, da me muke biyansa? Da naira. In ya koma gida me yake kashewa? Sefa. Ita sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta motsa ba. To ka ga ragon da ya saba sayarwa, in ya canza kuɗin sai ya tarar kusan sulusi ya zube a hanya." Ya ce daga nan suka rage kawowa, dabbobi suka yi kwantai a kasuwanninsu, farashi ya faɗi. Su kuma masu sefa a hannu suka ga hatsinmu ya zama araha gare su, suka yi ta lodi daga Dawanau suna ƙetarewa da shi, mudu ya ƙara tashi a nan. Watau naira ce ta yi ciwo, amma har bukkar makiyayin da bai taɓa jin sunan Babban Bankin Nijeriya ba sai da aka yi jinya.

Da muka koma makaranta na kawo wannan labari a aji, ina taƙama na gano asiri. Malam ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Madalla. Amma wannan mai sauƙi ne, maƙwabci da maƙwabci, kasuwarsu ɗaya. To gaya mini: a watan Agustan 1998 kuɗin Rasha ya karye, bayan wata biyar na Birazil ya bi shi. Teku da nahiyoyi ne tsakaninsu, cinikin da ke tsakaninsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Wace hanya ciwon ya bi?" Na yi shiru. Ya ce in je laburare in nemo, kada in dawo masa hannu rabbana. Abin da na samo ke nan zan shimfiɗa muku, gwargwadon fahimtata.

Sai dai kafin a kai Rasha, dole a fara daga Tailan, wata ƙasa a kudu maso gabashin Asiya, domin a can wutar ta tashi. Sunan kuɗinsu bat. Tun daga 1984 har zuwa 1997 babban bankinsu ya riƙe farashin canji wajen bat 25 a kan dala ɗaya. Irin wannan riƙo alkawari ne: duk wanda ya kawo bat 25 za a ba shi dala. Ba ya yiwuwa kuwa sai in bankin yana da dala a ajiye, kamar yadda maigida ba ya cewa kowa ya zo ya ci sai in ya san abin da ke cikin rumbunsa. Muddin mutane sun yarda rumbun cike yake, ba mai gaggawar zuwa karɓa. Ranar da suka fara shakka, ranar kowa zai zo da ƙwaryarsa.

Shekara goma sha uku ana kan farashi ɗaya, sai mutanen Tailan suka saki jiki. Arzikinsu yana ta bunƙasa, ana yabonsu ko'ina a duniya. Bankuna da kamfanoninsu suka lura cewa kuɗin ruwan da ake ɗorawa a kan rancen dala a waje ya fi na gida sauƙi ƙwarai. Sai suka yi ta ranto dala, suna mayar da ita bat, suna gina dogayen benaye a Bankok, babban birninsu, suna sayen filaye da hannun jari. Cikin 1993 ma gwamnati ta buɗe wata kafa ta musamman don sauƙaƙa shigo da irin wannan rance. Aibin da ke ciki biyu ne. Bashin da dala aka rubuta shi, alhali kuwa hayar benen da bat ake karɓa. Daɗin daɗawa, yawancinsa bashi ne na ɗan gajeren lokaci, na wata uku ko shida ko shekara, wanda in wa'adi ya cika sai a sabunta. Bene kuwa ba ya biyan kansa cikin wata shida.

Daga 1995 dala ta soma tsada a duniya. A watan Afrilun shekarar ana canza ta wajen yen 80 na Jafan, kafin farkon 1997 ta wuce yen 120. Da yake bat a ɗaure yake da dala, shi ma ya yi tsada, kayan Tailan suka daina araha a idon masu saye. Cikin 1996 kayan da suke fitarwa waje suka tsaya cik, ba ƙaruwa. Benaye suka yi yawa, ba masu haya. Sai masu ido a kan kasuwar kuɗi suka hango ɓaraka. Dabararsu kuwa ga ta: su ranci bat mai yawa, su kai wa babban banki ya ba su dala a kan 25, su koma gefe su jira. In bat ya faɗi zuwa 40, sai su sayi bat da araha su biya bashin, ragowar dala ta zama riba. A watan Mayun 1997 suka yi wa bat taron dangi. Babban bankin ya yi ta maza, har ya ƙulla alkawarin ba da dala sama da miliyan dubu 23 nan gaba, watau biliyan 23, ba tare da jama'a sun sani ba. A takarda rumbu cike yake, amma an riga an ci kuɗin hatsin tun yana gona. Ran 2 ga Yuli, 1997, suka sallama, suka saki bat. Kafin watan Janairun 1998 sai an ba da wajen bat 56 ake samun dala ɗaya.

Ku ɗauki alli mu yi lissafi, don a nan ne zafin yake. Mai kamfanin da ya ranci dala miliyan ɗaya, jiya bat miliyan 25 ake binsa. Yau da dala ta kai bat 50, ana binsa miliyan 50, bai ƙara cin ko sisin kwabo ba, benensa kuma bai ƙara tsawo ba. Ya kasa biya, bankin da ya tsaya masa ya durƙushe, ma'aikata suka rasa aiki. Kafin ƙarshen 1997 an rufe kamfanonin ba da rance 56 a Tailan.

To, wannan laifin Tailan ne, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma kwana tara kacal bayan haka, ran 11 ga Yuli, Filifin ta saki nata kuɗin. Ran 14 ga wata Malesiya ta daina kare nata. Ran 14 ga Agusta Indunusiya ta bi sahu. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwananmu lokacin da afolo ya shigo ya san yadda abin yake: yau mutum ɗaya ke da jan ido, jibi rabin ɗaki.

Wani ɓangare na dalilin, hanyar Kawu ce, ta ciniki. Waɗannan ƙasashe kaya iri ɗaya suke sayarwa, tufafi da takalma da kayan lantarki da roba, kuma ga masu saye iri ɗaya, Amurka da Jafan da Turai. In mai rumfar da ke kusa da taka ya karya farashi, kai ma ko ka karya ko ka yini kana korar ƙuda. Amma wannan hanya a hankali take tafiya, sai an yi watanni kafin oda ta sauya. Ba ita ce za ta kayar da kuɗin ƙasa cikin kwana tara ba. Abin da ya fi ta gudu shi ne tsoro. Baturen da ke zaune a Landan ko Niyok yana juya kuɗin mutane, da ya ƙone a Tailan sai ya buɗe littafinsa ya ce, wa kuma ya yi kama da Tailan? Wa ya ɗaure kuɗinsa da dala, wa ya ci bashin ɗan gajeren lokaci, wa ya cika gine-gine? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Bai tsaya bambance ƙasa da ƙasa ba, ya ce a kwaso masa kuɗinsa daga yankin gaba ɗaya.

Labarin Indunusiya ya fi ba ni tausayi, kuma shi ya fi koya mini abu. A farkon 1997 masana da yawa suna ganin ta fi Tailan lafiya: gwamnati ba ta kashe fiye da abin da take samu, giɓin cinikinta da waje kuma bai kai na Tailan ba. Amma kamfanoninta sun ci bashin dala mai yawa a asirce, kowa a ɗakinsa. Da rufiya, watau kuɗinsu, ta ɗan sunkuya, kowane mai kamfani ya ce bari in yi maza in sayi dalar da zan biya bashina tun ba ta ƙara tsada ba. Kowa ya yi tunani mai kyau a kan kansa, amma da suka ruga gaba ɗaya, gudun nasu ne ya jawo tsadar da suke tsoro. Baƙi ne suka fara gudu, amma 'yan gida ne suka karya ƙofa. Ran 1 ga Nuwamba, bisa shawarar Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda aka fi sani da IMF, aka rufe bankuna 16. Maimakon hankali ya kwanta, sai masu ajiya a sauran bankuna suka ce saura namu, suka yi layi suna kwashe kuɗinsu. Rufiyar da ake canzawa wajen 2,400 a kan dala ta wuce 10,000 a watan Janairun 1998, ta wuce 16,000 a watan Yuni. Shinkafa da man girki suka gagari talaka. Da aka ƙara kuɗin man fetur a watan Mayu, ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga, aka harbe huɗu daga cikinsu a Jakarta, gari ya rikice, mutum fiye da dubu suka hallaka. Ran 21 ga Mayu, 1998, Shugaba Suharto ya sauka bayan ya shafe shekara talatin da wani abu a kan mulki. A wannan shekara arzikin ƙasar ya ragu da wajen kashi 13 cikin ɗari.

Har yanzu dai ana iya cewa maƙwabtaka ce. Amma me za a ce game da Koriya ta Kudu? Tana can nesa a arewa, tana ƙera jiragen ruwa da motoci da ƙarfe, har a ƙarshen 1996 an karɓe ta cikin ƙungiyar ƙasashe masu arziki. A nan ne na fara hango amsar tambayar Malam, kuma da misalin kasuwarmu na gane ta.

A ce akwai wani attajiri a Kantin Kwari da ke ba 'yan koli biyar kaya bashi, kowane daga garinsa, ba su ma san juna ba. Shi ma attajirin ba duka kuɗinsa ba ne, akwai na wasu a hannunsa. Ran nan ɗaya daga cikin biyar ɗin ya karye, kaya suka salwanta. Masu kuɗi suka taso wa attajiri. Me zai yi? Wanda ya karye ba a samun kome a wurinsa. Sai ya aika wa sauran huɗun, masu gaskiya, masu biya a kan kari, ya ce kowa ya kawo abin da ke kansa yau, kuma babu sabon kaya. Su kuwa sun riga sun rarraba kayan a ƙauyuka, kuɗi bai dawo ba. Sai ka ga mutum huɗu sun durƙushe saboda laifin wanda ba su taɓa gani ba. Ba garinsu ɗaya ba, ba sana'arsu ta lalace ba. Ubangidansu ne ɗaya.

A Asiya manyan iyayen gidan su ne bankunan Jafan, sa'an nan na Turai. Su suka ba Tailan, su suka ba Indunusiya, su suka ba Koriya. Ga shi kuma a gida Jafan ɗin kanta ba lafiya: a watan Nuwambar 1997 wani babban bankinta da wani tsohon kamfanin dillancin hannun jari suka rushe. Sai bankunan suka daina sabunta bashi. Koriya tana da nata rauni, don tun farkon shekarar wasu manyan kamfanoninta, irin su Hanbo mai ƙarfe da Kia mai motoci, sun shiga uku, kuma bashin da za ta biya cikin shekara guda ya fi dalar da ke rumbunta. Muddin ana sabuntawa ba wanda ya damu. Da aka ce a biya, sai asiri ya tonu. Won, kuɗinsu, ya tashi daga wajen 900 a kan dala ya doshi 2,000 a ƙarshen Disamba. Aka haɗa musu rancen ceto na wajen dala miliyan dubu 57, wanda ba a taɓa ba wata ƙasa irinsa ba kafin lokacin, amma won bai daina faɗuwa ba. Abin da ya tsayar da jinin shi ne, a ƙarshen Disamban gwamnatocin manyan ƙasashe suka matsa wa bankunansu su yi haƙuri su sabunta, sa'an nan a Janairu aka mayar da bashin fiye da dala miliyan dubu 20 na dogon wa'adi. Watau da attajiri ya ce na ɗaga muku ƙafa, sai ɗan koli ya miƙe. Wannan ya tabbatar mini ta inda ciwon ya shiga.

Ba zan wuce Koriya ba sai na faɗi abin da ya burge ni. A farkon 1998 mutanen ƙasar fiye da miliyan uku suka yi layi a bankuna suna miƙa zobba da sarƙoƙi da lambobin zinariya don a sayar a rage bashin ƙasa. An tara fiye da tan 200. Bai kai ya biya bashin ba, amma ni dai na jinjina musu.

Daga Asiya wutar ta bi ta bututun mai. Masana'antun yankin sun rage aiki, sun rage shan mai. Ƙungiyar OPEC kuwa, wadda Nijeriya ke cikinta, ta zauna a Jakarta a watan Nuwambar 1997 ta ƙara yawan man da za a haƙo, daidai lokacin da masu saye ke janyewa. Gangar da ake sayarwa wajen dala 20 ta gangaro har wajen dala 10 a ƙarshen 1998. A nan ne abin ya taɓa mu. A lokacin muna ƙarƙashin mulkin soja, baƙi masu zuba jari ba su da wani abin kirki a kasuwarmu balle su kwashe, saboda haka hanyar attajiri ba ta same mu sosai ba. Amma kuɗin shigar gwamnati ya zube, domin da mai muka dogara. Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a lokacin za su fi ni bayani.

Rasha ma da mai ta dogara, ga shi kuma ta yi ta cin bashin 'yan watanni da kuɗin ruwa mai tsanani don ta biya albashi. Masu ba ta sun san da haɗari, amma suna cewa ai ƙasa mai makaman ƙare dangi ba za a bari ta faɗi ba. Ran 17 ga Agusta, 1998, gwamnatin Rasha ta ce ba za ta iya biyan bashin cikin gida ba, ta kuma saki rubul. Daga wajen 6 a kan dala ya kai wajen 20 cikin mako uku.

Yanzu ga amsar da na kai wa Malam. Kamfanonin da suka sayi takardun bashin Rasha su ne dai suka sayi na Birazil da Meziko da Afirka ta Kudu, kuma da yawansu da kuɗin aro suka saya. Da takardun Rasha suka zama takardar tsire, masu binsu suka ce a kawo kuɗi yanzu. Na Rasha ba mai saye. To me za su sayar? Abin da ke da sauran daraja, kuma ake samun mai saye nan take. Takardun Birazil suna cikin waɗanda suka fi yawa da saurin shiga a kasuwa, saboda haka su aka fara zubarwa. Kamar falken da goronsa ya ruɓe a hanya ne, ya karyar da gishirinsa mai kyau don ya biya mai mota. Ga kuma tsoro: in an bar Rasha ta faɗi, wa ya isa ya ce za a ceci Birazil? Ita ma kuwa ba tsarkakakkiya ba ce, gwamnatinta na kashe fiye da samunta, kuma ta riƙe kuɗinta, reyal, kusa da dala. Cikin 'yan watanni dala wajen miliyan dubu 30 ta fice daga rumbunta. Ta ɗaga kuɗin ruwa har kusan kashi 50 cikin ɗari, aka haɗa mata rancen dala miliyan dubu 41 da rabi a watan Nuwamba, duk a banza. A tsakiyar Janairun 1999 ta saki reyal, daga wajen 1.2 a kan dala ya wuce 2. Ko a Amurka sai da wani kamfanin juya kuɗi mai suna LTCM ya kusa rushewa a watan Satumbar 1998, alhali cikin masu shi akwai masana biyu da suka ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki shekara guda kafin nan. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai game da makin da na ci a jarrabawar da ta wuce.

Daga Birazil abin ya koma hanyar Kawu. Ajantina maƙwabciyarta ce, kuma Birazil ce babbar mai sayen kayanta. Tun 1991 doka ta ɗaure feso ɗaya a kan dala ɗaya. Da reyal ya faɗi, kayan Ajantina suka yi tsada a Birazil, na Birazil suka yi araha a Ajantina. Ta yi ta jan ƙafa shekara uku, har a Disambar 2001 aka taƙaita wa mutane ɗiban kuɗinsu a banki, gwamnati ta faɗi, ƙasa ta kasa biyan bashi. Cikin 2002 mutanen Ajantina suka ƙetara suka kwashe ajiyarsu daga bankunan Yurugwai, ita ma ta kwanta. Abin mamaki, wannan karon ciwon bai yi nisa ba, ko da yake bashin da aka kasa biya ya fi na Rasha. Dalili kuwa, kowa ya daɗe da ganin zuwansa, masu kuɗi sun riga sun janye a hankali, ba wanda aka yi wa ba-zata har ya zubar da gishirinsa.

Akwai kuma waɗanda suna tsakiyar gobarar amma ba su ƙone ba. Ƙasar Sin ba ta barin kuɗi su shiga su fita yadda aka ga dama, saboda haka ba a sami ƙofar gudu ba, kuma ta ƙi karya kuɗinta. Honkon ta sha hari a watan Oktoban 1997, amma rumbunta ya fi ƙarfin maharan, farashin 7.8 da ta riƙe tun 1983 bai motsa ba, sai dai ta biya da tsadar rance da faɗuwar darajar gidaje. Malesiya kuwa, Firayim Minista Mahathir Mohamad ya ƙi zuwa wurin IMF, ya yi ta zagin masu caca da kuɗin ƙasashe, sa'an nan a farkon Satumbar 1998 ya toshe hanyar fitar da kuɗi, ya tsayar da ringit a kan 3.80. Aka yi ta cewa ya kashe ƙasarsa. Ba ta mutu ba, ta farfaɗo tare da sauran. Har yau masana na gardama ko toshewar ce ta yi magani ko kuwa zazzaɓin ne ya riga ya soma sauka. Ni a nawa ƙaramin sani, maganin da IMF ta fara bayarwa, na tsuke bakin aljihun gwamnati da ɗaga kuɗin ruwa, an auna shi ne don gwamnatoci masu almubazzaranci, alhali a Asiya 'yan kasuwa da bankuna ne suka ci bashin. Kura ta sha bugu, gardi ya karɓe kuɗi: bankunan waje da yawa an biya su, ma'aikacin da aka sallama a Jakarta kuwa ba wanda ya biya shi.

Bayan ƙura ta lafa, ƙasashen Asiya suka shiga tara dala ba ji ba gani, suka rage ɗaure kuɗinsu, sa'an nan a shekarar 2000 suka ƙulla yarjejeniya a birnin Chiang Mai na Tailan cewa za su riƙa ranta wa juna in rana ta ɓaci. Duk da haka hanyar attajiri ba ta toshe ba. A watan Mayun 2013 shugaban babban bankin Amurka, Ben Bernanke, ya nuna alama kawai cewa za su rage kuɗin da suke zubawa a kasuwa. Cikin 'yan watanni kuɗin Indiya da Indunusiya da Turkiyya da Birazil da Afirka ta Kudu suka sunkuya tare, ƙasashe biyar a nahiyoyi dabam-dabam, ba abin da ya haɗa su sai dogaro da kuɗin baƙi don cike giɓi. Sai dai wannan karon sunkuyawa aka yi, ba a kife ba.

Da na karanta wa Malam abin da na tattaro, bai ce na ci ba, bai ce na faɗi ba. Ya dai ƙara mini wani aikin: in je in binciko nawa ne daga cikin bashin da ake bin Nijeriya aka rubuta da dala, nawa da naira, kuma yaushe ne wa'adin kowane. Ina kan wannan yanzu. Koriya dai ta gama biyan IMF a watan Agustan 2001, tun kafin wa'adi ya cika. Bat ya ɗan farfaɗo, ko da yake bai sake ganin 25 ba. Rufiya kuwa ba ta koma ko kusa da 2,400 ba: a shekarar 2024 sai da wajen rufiya 16,000 ake samun dala ɗaya a Jakarta.